Haulatu da Wayar Tebur

A wani ƙaramin asibiti kusa da Gagarawa Tasha Haulatu take aiki, shekara goma sha ɗaya ke nan. 'Yar makiyaya ce, a ruga ta tashi kafin ta yi karatun ungozoma, don haka Fulatanci da Hausa duk a bakinta suke.

Da aka kawo wa asibitin wayar tebur mai layi a ciki, sauran ma'aikata ba su ko waiwaye ta ba, kowa na da tasa a aljihu. Haulatu ce ta zauna ta yi ta danne-danne har ta gano inda ake ajiye lambobi, da maɓallin sake kira, da wani mai hoton lasifika wanda in an danna, kowa a ɗakin zai ji magana. Daga nan duk macen da ta zo awon ciki sai ta karɓi lambar mijinta ta ajiye.

Wata Laraba da hantsi aka kawo A'i, ɗaya daga cikin masu zuwa awo, a kan amalanke, tun jiya take naƙuda. Mijinta Sabi'u yana can wajen Sule Tankarkar da shanu, mahaifinsa Baffa Ya'u ne ya rako ta. Haulatu ta duba ta, ta fito.

“Baffa, ɗan a gicciye yake. Sai dai a kai ta Gumel, yanzu.”

Tsohon ya girgiza kai. “'Yata, amana aka bar mini. Ba zan kai matar mutum a yanka ba da saninsa ba.”

Ba ta yi musu da shi ba. Ta san ko ta kira Sabi'u ta faɗi abin da ya ce, tsohon zai yi shakka. Sai ta jawo masa kujera gaban tebur, ta nemo lambar, ta danna lasifikar. Kiran ya katse. Ta danna sake kira, ya kuma katsewa. A na uku kukan shanu ya cika ɗakin, sannan muryar Sabi'u.

Da Fulatanci ta yi masa bayani, ba ta ɓoye komai ba, har da cewa wataƙila a yi aiki. Sabi'u ya ce, “Baffa, kana ji na? Don Allah ku tafi da ita. Ga ni nan tafe.”

Tsohon ya sunkuyo kan wayar kamar zai ga ɗansa a ciki. “Na ji da kunnena,” ya ce, ya miƙe ya tafi neman mota da kansa.

Kafin motar ta iso, Haulatu ta jawo wayar gefen gadon A'i, ta kira likitar Gumel. Hannuwanta na sa wa A'i ƙarin ruwa, likitar na tambaya, tana amsawa ba tare da ta ɗaga kai ba. Ko da suka isa Gumel, an riga an shirya ɗakin tiyata.

Da la'asar aka ciro 'ya mace, uwa da 'ya lafiya. Haulatu ba ta samu zuwa suna ba, ranar mata sha huɗu ne suka zo mata awo.