Fuskar da Inna Ke Dannawa

Da hannuna na kai wa Inna abin, shi ya sa har yau na rasa wanda zan ɗora wa laifi. Sanyin ƙashi ya daɗe da kama mata gwiwa. Ina koyarwa a Dutsin-Ma, ita tana Birchi, kullum tsorona kada ƙafar nan ta zaunar da ita. Sai wata abokiyar aikina ta nuna mini manhajar masu ciwon gaɓɓai. Kowace safiya wayar za ta fito da fuska uku, mai murmushi, mai ɗaure fuska da mai kuka, mutum ya danna wadda ta dace da jikinsa, sannan ta nuna masa motsa jikin ranar. In ya ce da sauƙi ta ƙara masa, in ya ce da ciwo ta rage, ta ce ya ga likita. Amsar kuma tana zuwa wayata.

Na saka mata, na koya mata, na dawo ina jin kaina 'yar boko mai dabara.

Wata biyu cur murmushi nake gani. Har cika baki na yi a ɗakin malamai, ni ga wadda ta warkar da uwarta daga nesa. Ranar da ya kamata in kai ta asibiti a Kurfi ma ɗagawa na yi, wai mai lafiya me za ta je yi.

Wata Asabar na tafi da tsarabar kifi. Na yi sallama, sai na ji an amsa daga ƙasa. Inna ce a tsakar gida, a zaune take jan jiki zuwa wurin buta. Ban san lokacin da ledar ta suɓuce mini ba. Gwiwarta ta dama ta kumbura suntum kamar ƙwarya, na taɓa na ji zafi rau.

"Innalillahi! Inna, tun yaushe?"

"An kwan biyu."

"To mi ya sa kike danna mai murmushi?"

Ta dube ni kamar ni ce ba ni da hankali. "Ke 'yar nan, abu ya gaishe ka da jiki da sassafe, sai ka ce mashi babu sauƙi? Ina ci, ina sha. In yi wa Allah butulci?"

"Motsa jikin hwa?"

"Duk wanda ya nuna sai na yi shi. Ba ke kika kawo ba? Jiya tashi-zauna ya ce, na dafa turmi na yi."

Wato kullum ta ce da sauƙi a ƙara mata, ita kuma ta cije ta yi don kada ta watsa mini ƙasa a ido. Na ji haushin wayar, na ji na Inna, amma nawa ya fi. Ni da aka haifa a gidan nan, na san a wurinmu ko rai na hannun Allah aka ce ya jiki, da sauƙi za a ce.

A asibiti likita ya zuƙe ruwan gwiwar, ya yi mini faɗa son ransa. Ya ce kada Inna ta ƙara durƙusawa a kan gwiwar. Inna ta yi masa godiya, ta sa masa albarka. Sai da muka fito muna jiran mota ta riƙo bakin mayafina, ta rage murya.

"To sujada hwa?"