Maganin da Hansatu Ta Ba Ƙanwarta

Wata rana wata tela mai suna Hansatu ta shiga kyamis ɗin unguwarsu, ta ce a ba ta kwalba biyu ta ashwagandha, saiwar nan ta Indiya da ake ɗurawa a kafso saboda damuwa.

Gaskiya ita ya karɓe ta. Wata biyu tana sha, barci ya dawo, masifar da take wa masu kawo ɗinki ta ragu.

Shi ke nan fa, ta zama likita. Kun san halinmu.

Mai kyamis ya tambaye ta me za ta yi da har biyu. Ta ce ɗaya ta ƙanwarta Balaraba ce. Sati uku ke nan tana ɗibar mata daga nata, don duk ta rame, ba ta cin abinci, kullum a kwance. Shekara bakwai da aure, ɓari biyu, ai dole tunani ya cinye mutum.

Mutumin ya janye kwalbar daga gabanta. Ya ce ba a ba mai ciki ko mai shayarwa. Mai maƙoƙo, da mai shan maganin hawan jini ko na suga, sai sun ji daga likita. Sannan ya tambaye ta ko ta tabbata ƙanwar ba ta da komai.

Hansatu ta shiga lissafi.

Rama. Kasala. Ƙin abinci. Ita da ta haifi biyar, ta kalli laulayi ta kira shi damuwa.

A cikin Adaidaita ta kira wayar Balaraba sau huɗu, ba a ɗauka ba. Ko sallama ba ta yi ba da ta isa gidan.

"Balaraba, tsakaninki da Allah, ciki gare ki?"

"Wata biyu, Yaya. Na ce wannan karon ba mai ji sai ya zauna."

"Kuma kike haɗiyar abin da na ba ki?"

"To, in ce miki a'a, ki tambaye ni dalili?"

A asibiti likita ta ce a daina nan take, ta tura su a yi hoton cikin. Hansatu na zaune a benci, addu'ar ma ta ƙi haɗuwa a bakinta.

An ji bugun zuciyar ɗan.

Amma likita ba ta yi musu alkawarin komai ba. Ta ce su dawo bayan sati biyu, in an ga jini kada a jira.

Yau kwana tara. Duk sanda wayar Hansatu ta yi ƙara, sai ƙafarta ta tsaya a kan keken ɗinki.

Darasi: Don abu ya yi miki amfani, ba lasisi aka ba ki na raba wa dangi ba. "Ai ganye ne" ba hujja ba ce. Ba ki san abin da ke jikin wata ba, kuma kunyarki za ta iya sa ta haɗiye shi ta yi shiru. A tambayi likita tukuna.

Ku tura wannan zuwa zauren danginku. Kowane gida akwai mai rabon magani, kun ma san ta.