Rinin da Ya Sha Ranar Gaya

Asubar fari muka bar Yamai, ni da abokin aikina na labo, ɗakinmu na gwaje-gwaje, ina rungume da glasiyar, wato akwatin sanyi, cike da ƙanƙara kamar mai jego. Ƙaramin kwali guda za mu tarbo a Gaya. Wata bakwai ina jiransa. In babu shi, aikin digirina na shekara uku ya tsaya cik, ga wa'adin da aka ba ni saura wata biyu.

Kun sha tambayata abin da nake yi a ɗakin nan mai duhu. Ga shi a taƙaice. Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana tsare sinadarin kalsiyum a waje. In za ta isar da saƙo sai ta buɗe ƙofa kaɗan ya shigo, ta rufe. Wasu ƙwayoyin cuta na hanji suna fitar da dafi mai huda bangonta, kalsiyum ya kwararo ba sallama, ƙwayar ta rikice ta mutu, yaro ya kama gudawa. Abin da ke cikin kwalin wani rini ne da ke bada koren haske idan ya haɗu da kalsiyum, da shi ake ganin ɓarnar a mikroskop. Zafi da haske ne ajalinsa, shi ya sa ake naɗe kwalabensa a takardar azurfa, a binne su cikin ƙanƙara.

Wata ƙawata a Kwatano ta samo mini shi. Da can motar safa ɗaya za ta ba, ya kwana a hannuna. Tun da soji suka karɓi mulki aka toshe gadar kan iyaka da ke Gaya, sai dai direba ya sauke shi Malanbil, mai kwale-kwale ya ƙetaro da shi.

A Dosso muka karya da ƙosai da koko. Daga nan shinge ya fara, har na daina ƙirga. Kowa ya sauka, katin shaida a hannu, a tsaya a rana. Wani soja ya buɗe glasiyar, ya tona, bai ga komai ba sai ƙanƙara, ya dube ni kamar mai taɓin hankali. Wajen mararrabar Yelu giginyu suka fara yawa, mata na tallan muruci da rake. Na sayi na dala ashirin, na tauna don huce haushi.

Da azahar muka shiga Gaya. Ku zo ku ga gada! Ga ta nan lafiyarta lau, ba ko akuya a kanta. A ƙasa kuwa duniya ce: buhunan shinkafa, babura, katifu, har wata tsohuwa marar lafiya da aka ciccibo, duk a cikin jiragen katako da ruwa ke lasar bakinsu. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Aka kai mu gidan mai jirgin, wani dattijo Badande mai fara'a. Ina shiga tsakar gida na ga abin da ba zan manta ba. A kan tabarma, gefen kifin da ake busarwa, ga kwalabena goma a jere, tsirara, rana na dukansu. Takardun azurfar an warware su, an shimfiɗa daban, an danne da duwatsu.

"Baba, me ya kai kayana rana?"

"Ɗiyata, ruwa ya shiga jirgi jiya, kwali ya jiƙe sharkaf. Tun da hantsi munka shanya su. Taɓa ki ji, sun bushe sarai."

Na taɓa. Zafi kamar kofin shayi. Na buɗe baki zan zazzaga masifa, sai ya ƙara:

"Direba ya ce na gudawar yara ne. Gudawa ta ɗauke mini jika bara. Na ce wanga kaya ba shi lalacewa hannuna."

To, wa zan yi wa faɗa? A bakin kogi duk abin da ya jiƙe rana ce maganinsa, tun kaka da kakanni. Mutumin nan ya bar kamun kifin safe don ya zauna gadin kwalabena, yana korar kaji. Na haɗiye fushina, na yi godiya. Matarsa ta kawo tuwon masara da miyar kifi, na ci. Fushina yana kan waɗanda ke zaune cikin sanyin ofis, nan da can ƙetare, suna gwada ƙwanji da gadar da talaka ke bi. Cuta ba ta nuna katin shaida a shinge. Maganinta da iliminta su ake tarewa.

Na zuba kwalaben cikin sauran ƙanƙarar, ihu bayan hari. Washegari muka koma Yamai, ban ko biya gida ba na wuce labo. Na haɗa rinin da ƙwayoyin, na ɗiga dafin, na kashe fitila, na leƙa. Duhu. Na gwada duka goman. Duhu.

Tafiyar ta koya mini cewa mai kirki ma yakan yi ɓarna idan an ɗora masa aikin gada. Da yamma Baba ya sa aka kira ni a waya, yana tambaya ko maganin ya isa lafiya, kuma yaushe za a fara ba yara. Na ce masa ya isa, Baba, a bushe.