Direban da Ya Tsaya a Ƙofar Asibiti

Direban bas mai lamba tara ya tsaya a ƙofar asibiti ya sauke marasa lafiya, hukumar sufuri ta dakatar da shi daga aiki. Iyakar laifinsa ke nan. Na tambaya, na sake tambaya, babu wani ƙari. Shekarata saba'in da shida a duniya, ban taɓa jin irin wannan ba.

Sannu-Sannu muke ce masa. Fasinjoji ne suka laƙaba masa, don ba ya tayar da mota sai ya ga kowa ya zauna. Shekara talatin da ɗaya yana bin wannan layi. Ƙarfe shida da rabi na safe yana tasha. Zai zagaya motar, ya ƙwanƙwasa tayoyi, ya goge madubin ciki da tsumman da yake ajiyewa a aljihu. Madubin nan rabin aikinsa ne. Ta cikinsa yake gaisawa, ta cikinsa yake faɗa. Idan ƙato ya hakimce a kujera ga tsohuwa a tsaye, ba ya cewa uffan. Kashe mota yake yi, ya zuba wa ƙaton ido ta madubi. Ban taɓa ganin wanda ya kai minti guda bai miƙe ba.

Ya san ranakun asibiti fiye da wasu ma'aikatan ciki. Litinin masu hawan jini, Talata masu ciwon suga, Alhamis masu awon ciki. Ni kafinta ne, na san awo. In ya zo ƙofar asibiti yana manna matakalar mota da dakali, tazarar da ko tafin hannu ba ya shiga. Mai sanda ya sauka, mai keken guragu ya sauka, babu mai tsallake rami. Ba a makarantar tuƙi aka koya masa wannan ba.

Mai ɗakina tana da ciwon suga da gyambo a ƙafar hagu. Shekara takwas yana ɗaukarta duk Talata. Ba sa haɗuwa sai sun taɓa juna.

"Yaya, yau ma kin makara. Kwalliya aka tsaya yi wa likita?"

"Kai dai ja akwalarka, ƙanena. Da ni da ita ban san wadda ta fi tari ba."

"Ita ai ana yi mata gyara. Ke kuwa Baba Kafinta ya ƙi sake miki taya."

Babbar nas ta asibitin, wadda muke kira Sista, ta faɗa mini da bakinta cewa Sannu-Sannu yakan leƙo ta taga ya ce mata, "Sista, mai sandar ƙarfe bai fito ba mako biyu." Sai ta aika a duba. Ta ce mutum uku aka tarar a kwance ta wannan hanya, ɗaya har ya daina gane mutane. Dukansu suna raye.

Sai ga sabon tsari. Gwamnatin yankinmu ta ce za ta gyara tsakiyar gari. An shimfiɗa duwatsu masu kyau, an dasa furanni, an kafa fitilu. Ban ƙi ba. Kyau ba laifi ba ne. Amma aka tumɓuke allon tsayawar bas na ƙofar asibiti, aka kai shi bayan sabon filin ajiye motoci. Aka ja layin fenti ruwan ɗorawa a gaban asibitin. Bas tana bi ta nan har gobe, tsayawa ce aka hana. Marar lafiya yana ganin ƙofar asibiti ta taga, a wuce da shi, a sauke shi can, ya dawo da ƙafa. Na auna da ƙafata: taku ɗari tara da goma sha ɗaya, rabinsa hawa ne, babu inuwa. Mai ɗakina sau uku take zama a ƙasa kafin ta isa.

An kira taro a zauren gari don a yi mana bayani. Wani jami'i mai farar riga ya nuna mana zane a bango. Ya ce sun yi bincike, sun ƙirga masu sauka a ƙofar asibiti wuni guda cur, mutum shida kacal suka samu. Sista ta ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, wace rana kuka ƙirga?"

Ya duba takardarsa. "Asabar."

"Asabar ba ma ganin marasa lafiya. Ƙofar ma a rufe take."

Na zaci zai ce an yi kuskure. Sai ya gyara tabarau ya ce an riga an sa wa tsarin hannu, za a sake dubawa bayan shekara biyu. Shekara biyu! Na dubi tsofaffin da ke zaune a layin gaba. Ban san nawa ne a cikinmu za su kai ba.

Kada wani ya ce Sannu-Sannu mai taurin kai ne. Kwana tara ya bi dokar. Yana wuce ƙofar, kansa a gaba, ba ya ko kallon madubi. A rana ta tara ya sauke wani tsohon malamin makaranta mai shanyewar ɓarin jiki a sabuwar tashar. Malamin ya kama hawa da sandarsa, tsakar rana, ya yanke jiki ya faɗi, ƙashin ƙugunsa ya karye. Da Sannu-Sannu ya zagayo sahu na biyu, ya hangi mutane sun yi da'ira a gefen furannin nan, ga hular malamin a kan titi. Yau wata biyu ke nan malamin bai tashi daga gado ba.

Washegari Talata ce, ina cikin motar. Muka iso ƙofar asibiti. Ya sa sigina, ya taka birki, ya manna mota da dakali kamar yadda ya saba, ya buɗe ƙofa. Babu wanda ya motsa. Ya ɗaga ido ya dubi madubi.

"To, me ake jira? Masu suga, ga gidanku."

Mako uku yana tsayawa. Ba a ɓoye ba, da rana tsaka, a gaban kyamarar da suka kafa. Ba ya kai minti biyu. Motocin manya suna tsayawa a kan layin fentin nan a sayo musu magani, na gani da idona, ba a ce musu komai ba. Shi aka aiko wa takardar dakatarwa. Saura wata bakwai ya yi ritaya.

Kai ne, Sannu-Sannu, ka yi shekara talatin da ɗaya ba ka taka ko kaza ba. Kai ne ka san sunan ciwon kowa ba ka taɓa tona asirin kowa ba. Ɗan halas, mai sanyin hannu a sitiyari. Waɗanda suka zana garin nan a takarda ba su taɓa riƙe hannun tsohuwa tana sauka daga mota ba. Kai ka riƙe dubu. Ni ba mai yawan godiya ba ne, 'ya'yana shaida ne. Amma na gode. Mai ɗakina ta gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiyar ƙafa har ƙarshen rayuwarka.

Ku kuma sauran direbobi, da masu gadi, da masu zama a bayan tebur, ku dubi mutumin nan ku ji kunya, sannan ku yi koyi. Ban ce ku karya doka ba. Na ce ku ɗaga ido ku ga wanda dokar ta faɗa wa a kai, ku buɗe baki ku faɗa. Wanda aka aika ƙirga mutane, ya fara tambaya ko ƙofar a buɗe take.

Ranar Alhamis da ta wuce aka kira shi ofishin tasha. Muka raka shi, ni da mai ɗakina. Ɗaki ne ƙarami, fanka tana kuka, mabuɗan motoci a rataye a jikin allo. Manajan tashar sa'an ɗansa ne, kuma ba mugu ba ne. Ya miƙe ya ba shi kujera, ya tura masa takarda da biro.

"Baba, don Allah ka rufa mini asiri. Sa hannu kawai. Gobe ka karɓi motarka, ka ƙarasa wata bakwai ɗinka, a sallame ka da mutunci. In ba ka sa ba, kora ce. Ba ni da yadda zan yi, daga sama aka turo."

"Karanta mini layin ƙarshe."

Manaja ya yi gyaran murya. "Na amince na yi kuskure, kuma ba zan sake tsayawa a ƙofar asibiti ba."

Mai ɗakina ta dafa tebur.

"Ƙanena, sa musu. Kana da iyali. Mu za mu lallaɓa, ai mun saba."

"Sau nawa kika zauna a ƙasa ranar Talata, Yaya?"

Ta gyara mayafinta.

"Sau nawa?"

"Huɗu."

Ya ɗauki biron, ya rufe shi da murfinsa, ya ajiye a gaban manaja.

"Ɗana, ka gaya wa na saman. In sun ba ni mota gobe, a ƙofar zan tsaya. Ba zan sa hannu ba."