Akwatin da Na Ɗaura wa Sabi'u

Ba zan faɗi sunana ba, don 'ya'yana sun fara iya karatu. Ni mai ɗaura dish ne a Fagge kafin in bar gida. Ban taɓa iya buga ƙwallo ba, amma in aka zo lissafin tebur, wa zai haye, wa zai faɗo, duk gidan kallon unguwarmu ni ake juyowa a kalla.

Jirgi ɗaya ya kawo mu Dubai ni da Sabi'u, abokina tun firamare. Na kama aikin ɗaure kaya a wani kamfanin kago, masu aika kaya ta jirgi, a unguwar Deira, shi kuma ya shiga wanke-wanke a gidan abinci. Kafin in ankara ya haɗa kai da wani ya buɗe ɗan shagon tuwo a lungun Naif, ya kafe talabijin a bango, ya biya kuɗin tashar ƙwallo. 'Yan kasuwar Kano suka mayar da wurin majalisa. Ni nake zama in yi ta bayani har murya ta dishe, su yi ta tafi, sannan su tashi su zuba wa Sabi'u kuɗi suna kiransa Alhaji. Ni kuwa cikinsu ba mai tambayar ko na ci abinci. Hassada ta kama ni. Mutumin da bai san ofsaid ba!

Wani mai kayan lantarki ne ya nuna mini akwatin sata, ɗan ƙarami kamar sabulu, yana buɗe duk tashoshin da ake biya. Na sayi ɗaya don kaina. Daga nan na ɗaura wa maƙwabci, sai abokinsa, har na bar kago na koma sayar da su ɗaki-ɗaki. Na san haramun ne a ƙasar, na san ana kama mutane. Na yi ta samu, amma ko da na sa sabon takalmi, in na shiga shagon Sabi'u sai in ji ni ba kowa ba ne.

A shekarar akwai wani ɗan Kano da yake buga wa wata ƙungiya a Turai, suna neman gurbin wasannin cike gurbi don hawa babbar gasa. Ranar ƙarshe ta zo da lissafi mai daɗi. In sun ci, abokiyar hamayyarsu ta yi canjaras a nata wasan, za su ƙare a na huɗu, wasan ƙarshe na cike gurbin a gidansu. In waccan ta ci su kuma aka ci su, sai su faɗa na shida, su haɗu da ta uku wadda ke lallasa kowa. Dole mutum ya ga wasannin biyu. Da a sauran makonni ne, masu talabijin kan sa a raba lokaci, amma ranar ƙarshe hukumar gasar ba ta yarda, tare ake take wasa don kada wani ya ga sakamakon wani ya yi maguɗi. Tashoshi biyu kuma suka raba haƙƙin nunawa. Sabi'u kuɗin tasha ɗaya ya biya.

Na same shi yana yanka albasa. Na ce, "Ranar Lahadi mutanenka za su watse. Bari in ɗaura maka akwati, kwana ɗaya kawai."

Ya ce, "Kai habibi, bar ni da halak ɗina. Visa ta a kan shagon nan take."

Na ce, "Wa zai sani? Ana tashi na cire, khalas, shi ke nan."

Sai da na yi ta zuwa kafin ya yarda, kuma don ni ne. Na kawo talabijin ta biyu, na haɗa komai da hannuna. Da na fito, na ari wayar wani ɗan dako na kira hukuma, na faɗa musu lungu da lokaci. Ina so in ce shaiɗan ne, amma ni ne. So nake in ga ranar da za a daina kiransa Alhaji.

Bayan Magariba shago ya cika maƙil. Ina tsallaken titi ina shan shayin karak, ina jin ihu, ɗan Kano ya zura ƙwallo. Ana cikin murnar motar 'yan sanda ta tsaya. Na ga an fito da Sabi'u da tawul a kafaɗa. Daɗin da na yi ta jira bai zo ba.

Abin da na manta ɗabi'ar masu gyara ce. Tun a Fagge duk abin da na ɗaura sai na manna masa sitika mai lambar wayata a ƙasa, don in ya lalace a neme ni. Hannuna ya yi wannan ba tare da na yi tunani ba. Da safe 'yan sanda suka buga ƙofata, suka tarar da kwali-kwali na akwatuna a ƙarƙashin gado. Mai binciken ya ce mini abokina ya ƙi faɗin wanda ya ba shi, ya ce tsinta ya yi a kasuwa.

Aka rufe shagon, aka ci shi tara, aka mayar da shi gida. Ni aka ɗaure ni, a can korona ta same ni. Ba wanda ya taɓa tambayata lissafin tebur. Abin da na yi ta lissafawa shi ne, Sabi'u bai taɓa yi mini komai ba sai ciyar da ni.

Da aka sake ni aka ɗora ni a jirgi, ina sauka Kano na neme shi. Na tarar yana tuƙa adaidaita ta haya. Na faɗa masa komai, har kiran. Ya kashe injin.

Ya ce, "Na yi zargin kowa ban da kai. Na yafe maka saboda Allah. Amma kada ka ƙara zuwa gidana."

Ya ta da injin ya tafi.

Samari, na tuba, na koma kan dish ɗina. Ku guji kayan sata ko da kowa yana yi. Kuma in ka ji arzikin abokinka ya fara yi maka ɗaci, ka tashi daga wurin ka roƙi Allah naka tun kafin ka ɗauki waya. Gidan yari na fito daga cikinsa. Layin su Sabi'u kuwa har yau zagaye shi nake yi.