Matakala ta Bakwai

Shekarun baya, lokacin da na gama karatu na sauka Anka ina zaman jiran aiki, na yi wani aboki da ya girme ni da kusan shekara ashirin. Mutumin Gummi ne, gyaran rediyo da talabijin yake yi a wani ɗan shago kusa da tasha. Da ƙuruciyarsa ya yi aikin haska fim a gidan silima a Gusau har aka rufe gidan. Abin da ya rage masa na wancan zamani shi ne kwali uku na kaset ɗin bidiyo da ya tara, duk tsofaffin finafinan Turawa masu sa faɗuwar gaba, yawancinsu ba kala.

Ni kuwa a lokacin, fim in ba a daki wani ba, ko ba a yi rawa a kan dutse ba, ban ga abin kallo ba. Inuwar shagon da fankarsa ne suka fara kai ni. Bayan la'asar, in akwai wuta, sai ya ajiye kayan gyara ya sa kaset. Sau uku na farko barci na yi, har da munshari, in ji shi.

Yana da wata doka guda: ba a magana in sunayen waɗanda suka yi fim suna wucewa. Turancinsa bai taka kara ya karya ba, amma sunayen nan ya haddace su kamar na 'yan uwansa. Zai nuna da sukundireba ya ce, "Wanga daraktan ba ya gaggawa, sai ya gasa ka sannu." In sunan mai kiɗa ya fito sai ya girgiza kai ya ce, "Ga mai aikin nan. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Shi ka tsorata mutane, jarumi ka kwashe yabo."

Fim ɗin da ya kama ni, na wata mata ne a gidan bene. Tun farko an nuna mana wani mugu ya zare ƙusoshin matakala ta bakwai, ya mayar da katakon kamar ba a taɓa ba. Matar ba ta sani ba. Ta hau ta sauka har sau uku, kullum cikin sauri, kullum tana tsallake ta bakwai ba da niyya ba. A karo na huɗu sai ta ɗauko tire da kofuna, tana tafiya a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Kiɗan goge guda ne ke tashi, siriri, yana ƙara hawa da kowane taki. Ban san lokacin da na miƙe na ce, "Ke, kada ki taka!" ba.

Abokina ya yi dariya har da hawaye. Ya mayar da kaset baya, ya kashe sautin, ya sake sawa. Sai na ga mace kawai tana hawa bene da shayi.

"Mi kag gani?" ya tambaye ni.

Na ce ban ga komai ba.

"To ka gani. Tsoron ba ga matakala shike ba, ga hannun mai goge shike. Kuma diba huskatta. Ita 'yar wasan ta karanta labarin, ta san katakon, amma huskatta ba ta sani ba. Wagga ita ta gwaninta. Shi ko darakta, abu guda yay yi: ya hwaɗa maka abin da bai hwaɗa mata ba, ya bar ka zamne da shi."

Daga ranar na daina barci a shagon. Na koyi jiran sunaye, na koyi gane kiɗan wani daga na wani, har na fara yi wa samarin tasha iyayi da abin da jiya-jiya ni ma ban sani ba.

A haka muke sai maganar gubar dalma ta ɓulla. Yara suna ta mutuwa a ƙauyukanmu, aka gano daga dutsen zinariya ne da ake kawowa cikin gidaje ana dakawa. Na samu aikin leburanci da masu kwashe ƙasa a Abare. Mu kankare tsakar gida, mu zuba a buhuna, a kawo sabuwar ƙasa a shimfiɗa. Akwai wata na'ura da ake ɗora wa ƙasa ta nuna lamba, kuma na lura duk inda aka ajiye turmin dakan dutse, sai lambar gubar ta yi sama. Aka yi mana bayani dalla-dalla: ƙurar ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ƙaramin yaro mai rarrafe da sa hannu a baki shi ta fi kamawa.

Ranar Juma'a na tafi gida, wani ƙaramin ƙauye a ƙasar Bukkuyum, bai da nisa da Yargalma, amma masu awon ba su kai can ba tukuna. Ina shiga na ga buhunan dutsen yayana jingine da rumbu. Matarsa tana daka a turmin da na san da shi ake surfe. A ƙasa kuma, cikin farar ƙurar, ga 'yarsu zaune tana cin ƙosai, ya faɗi ta ɗauka. Ba ta cika shekara biyu ba. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka ba mai kiran sunan, Inna Ƙarama muke ce mata.

Na san abin da nake gani, kuma ni kaɗai na sani a gidan. Amma yayana shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya tsaya har na yi karatun da nake taƙama da shi, kuma dutsen nan shi ke ciyar da gidan. A wajenmu ƙane ba ya shiga gidan wansa ya ce a daina kaza. Ga kuma raɗe-raɗin cewa duk wanda ya kai magana waje, shi ya jawo a hana haƙa. Sai na yi abin da matsorata ke yi, na zagaya. Bayan mun ci abinci na ce, "Yaya, an ce ƙurar dutsen ga ba ta da kyau."

Ya ce, "An ce? Tun kakanni aka haƙar zinariya ƙasag ga, ba mu ji ta kashe kowa ba."

Na ce haka ne. Wallahi haka na ce.

Mako na biyu na zo wa yarinyar da takalmin roba. Ku ji wayo irin nawa, wai takalmi. Ta cire ɗaya ta sa a baki. Na riƙa ɗaukar ta ina wanke mata hannu har matar yayana ta fara tsokana ta, wai in ina son ɗa in yi aure. Na yi dariya da su, na koma Abare ina kwashe ƙasar gidajen wasu.

A mako na uku na biya shagon abokina. Na gaji, ba gajiyar shebur kaɗai ba. Ya sa kaset, na ce ya kashe. Na kwashe komai na gaya masa, har na ƙara da cewa yanzu na gane abin da daraktan nan yake yi wa mutane, don ni ma an faɗa mini abin da ba a faɗa musu ba, an bar ni zaune da shi. Ina jin a raina na yi magana mai zurfi, ina jiran ya yaba.

Ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

"Shekara nawa ni yi ina haska fim, kullum sai an samu mai ihu, kada ki taka, kada ki buɗe. Ba ta ji, don hoto ta. Ranar da kam miƙe nan kana yi ma hoto ihu, ban ga kunya gare ka ba. To su mutanen gidanku hoto na? Ba su da kunne? Wa ya ɗaure ka bisa kujera?"

Ya ce in tashi in ba shi wuri, kada in dawo sai na je gida.

Washegari da safe na hau babur. Ban tunkari yayana ba, har a ranar ban iya ba. Ɗakin mahaifiyata na shiga, na same ta da yarinyar a cinya, jikin yarinyar zafi, kwana biyu tana amai, sun ce haƙori ne. Na zauna na faɗa mata duk abin da na gani a Abare, ban zagaya ba.

Mahaifiyata ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Kwana nawa ke nan da kas sani?"

Na ce, "Mako uku, Inna."

"Mako uku kana cin tuwon gidan ga, kana kallon mu?"

Ba ta jira abin da zan ce ba. Ta miƙo mini yarinyar, ta fita tsakar gida ta kifar da turmin da hannunta, ta aika a kira yayana daga wurin haƙa. Abin da na kasa faɗa a mako uku, ta faɗe shi kafin ya gama cire takalmi. Kafin azahar buhunan sun bar gidan, mu kuma muna hanyar asibitin Bukkuyum. A hanya jikin yarinyar ya fara jijjiga, idanunta suka juye. Ni ke riƙe da ita.

Ta rayu, alhamdu lillahi. Ta yi makonni tana shan magani, aka zo aka kwashe ƙasar gidanmu, da ni cikin masu kwashewa. Amma maganarta ta yi jinkiri, karatu ya ƙi zama, har yau in ka aike ta abu biyu sai ta dawo da ɗaya. Na taɓa tambayar wani likita ko mako ukun nan ne ya jawo. Ya ce ba wanda zai iya cewa e ko a'a, ƙila gubar ta daɗe a jikinta. Da ya ce e, da na san abin da nake ɗauke da shi. Yayana bai taɓa yi mini gori ba. Sau ɗaya kawai, muna zaune a bakin asibiti, ya ce, "Da ka hwaɗa mani kai tsaye, mi za ni yi maka? Ka ga na yi kama da mai son dutse ya hi ɗiyatai?" Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Abokina ya koma Gummi da idonsa ya yi rauni, can ya rasu. Kwalayen ya bar mini, na sa aka juye abin da bai lalace ba a waya. Har yanzu ina kallon su, har yanzu ina jiran sunaye su wuce, kuma ina ganin girman mutanen nan fiye da da. Sun san zuciyar ɗan Adam, sun san babu abin da ke gajiyar da mutum kamar ya san abu ya zauna da shi. Sai dai su suna da tausayi, suna ba ka mai goge ya gargaɗe ka, kuma cikin awa biyu sun sallame ka. A tsakar gidanmu ba kiɗan da ya tashi, sai ƙarar taɓarya da dariyar yarinya. Ni ya kamata in zama mai gogen, na tsaya ina lissafin wa ya girmi wa. Shekaru sun wuce, kowa ya yafe, amma na gaji da wannan lissafin, kuma bai gaji da ni ba.

Inna Ƙarama yanzu budurwa ce. In na je gida takan zo ta zauna kusa da ni ta ce in sa mata "na bene". Ba ta jin Turanci, ba ta bin labarin, amma ta san gogen. Ranar ƙarshe da muka kalla, matar tana ɗauko tire, goge yana fara tashi, tun ba ta kai matakala ta biyu ba, sai yarinyar nan da kalma ke yi wa wuyar fita ta miƙe tsaye ta daka ihu, "Kada ki taka!"

Mahaifiyata tana bakin ƙofa tana tsintar wake. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ka ji? Ita ba ta jira ba."