Maɓallai Biyu da Hitar Shayi

Shekara goma sha tara na yi ina buga tafireta a wata makarantar sakandare ta mishan a Kafanchan. A tsakiyar shekarun casa'in aka kawo mana kwamfuta guda ɗaya, kyauta daga ƙasar waje. Ofishina aka sa ta, don tagarsa ce kaɗai ke da ƙarfe.

Wadda aka damƙa wa ita malamar lissafi ce, 'yar wani direban jirgin ƙasa. Iyayenta Ibo ne, amma a kwatas ɗin reluwe aka haife ta, Hausarta ma ta fi tawa. Aikinta shi ne ta rubuta wa na'urar umarni layi-layi, yadda za ta riƙa haɗa makin yara ta fitar da na ɗaya har zuwa na ƙarshe.

Tun makon farko ban yarda da hannunta ba. Ni a tafireta, in ina neman layi na arba'in, sai na murza takarda na wuce talatin da tara, kowa yana gani. Ita kuwa sai ta danna maɓallai biyu, ta buga lamba, rubutun da ke gilashin ya ɓace, wani ya fito. Ko ta buga kalma ɗaya, na'urar ta yi tsalle ta dire a kanta. Na ce a raina, mai tsallake layi akwai abin da ba ya so a gani a tsakani.

"Malama, ina wancan rubutun ya tafi?"

"Yana nan, Baba. Hanyar yanke na bi, kamar mai tsallaka layin dogo zuwa kasuwa."

"Masu tsallaka layin dogo ai su jirgi ke takewa."

Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Sai na lura da wani abu da ya fi wannan. Duk lokacin da na tura kujerata baya zan tashi, yatsunta biyu na hagu sai su faɗa kan wasu maɓallai, na'urar ta yi ɗan gurnani. In wani malami ya shigo, ba ta yi. In masinja ya wuce, ba ta yi. Sai ni. Na gwada ta: na motsa kujera da gangan ban tashi ba, yatsun suka sauka. A shekarun nan garinmu bai gama warkewa daga rikici ba, kowa yana kallon hannun maƙwabcinsa, ni ma haka zuciyata ta koya.

Da sakamako ya fito, 'yar ƙanena, wadda ta saba zuwa ta uku, ta zo ta goma sha ɗaya. Ban nemi takardun jarrabawarta na duba ba. Wurin shugaban makaranta na nufa, na ce malama tana taɓa maki, kuma tana ɓoyewa da zarar na matso.

Ya zo ofishina, ya kira ta a gabana. Ta nuna masa tsallen, ta kai shi layi na ɗari uku ta dawo da shi, ya gamsu. Sannan ya tambayi maɓallan nan biyu.

"Adana aiki nake yi, ranka ya daɗe, kada ya ɓace."

"To me ya sa sai in Baba ya tashi?"

Ta dube ni. Ta dubi durowar teburina ta ƙasa. Ta yi shiru.

Shirun nan shi ya kayar da ita. Aka karɓe mata makullin ofis, magana ta zaga ɗakin malamai har ta kai coci. Ƙarshen zango ta ajiye aiki ta bar garin.

Wanda aka kawo a madadinta wani mutumin Zonkwa ne, ba ya tauna magana. Kwana uku da zuwansa, wajen ƙarfe goma, na tashi kamar kullum, na jawo durowar ƙasa, na ciro hitar lantarki da nake dafa ruwan shayi da ita, na soka ta a soket. Gilashin kwamfuta ya yi baƙi, ya sake haske, babu komai a kansa. Yakan yi haka jefi-jefi tun zamanin malama, ni kuwa na ɗauka halin wutar garinmu ne.

"Baba, ka kashe ni. Aikin safiya guda. Soket ɗaya kuke sha da na'urar nan, hitarka na janye wutar."

Washegari da na tura kujera, ya ɗaga hannu. "Tsaya, tsoho, in adana tukuna." Yatsunsa biyu na hagu suka sauka daidai inda nata ke sauka.

Na koma na zauna. Shugaba ya daɗe da hana hita a ofisoshi, tun da wata hita ta ƙona labule a ɗakin malamai, ya ce duk wanda aka kama da ita a bakin aikinsa. Malama ta san da tawa. Kalma ɗaya za ta faɗa ran nan ta wanke kanta, ni kuwa saura mini shekara biyu in yi ritaya.

Na ɗauki hitar na kai gida. Shekara biyun nan kullum ina wuce ƙofar shugaba, ban taɓa ƙwanƙwasawa na faɗa masa ba. Tsoron rasa fansho ya riƙe mini baki.

Wata rana na haɗu da mahaifiyar malamar a kasuwa, a rumfarta ta busasshen kifi. Na so in kauce, ta riga ta gan ni.

"Baba na ofis, 'yarka malama ta aiko wasiƙa. Ta ce in na gan ka in tambaye ka, har yanzu kana shan shayin ƙarfe goma?"

Na ce ina sha. Ta ƙara mini kifi ɗaya gyara, na karɓa.